Shin Jarunta Tana Shiga Gwanjo?

Gabatarwa

A birnin Landan akwai gidajen gwanjo, irin su Spink da Noonans, waɗanda sukan keɓe ranaku ba su sayar da kome sai lambobin yabo na soja, watau abin nan da 'yan mazan jiya suke kira minda. Kafin ranar ciniki akan buga littafi mai ɗauke da hoton lambobin, da sunan wanda aka ba su, da yaƙin da ya halarta, da kuɗin da ake sa ran za su yi. A yau ma ba sai mutum ya taka zuwa Landan ba, daga ɗakinsa yana iya taya kaya ta hanyar intanet. Duk wanda ya bi waɗannan littattafai a tsanake zai riƙa cin karo, jefi-jefi, da sunaye irin na gidajenmu, na sojojin Afirka ta Yamma waɗanda suka yi wa Ingila yaƙi a Kamaru da Habasha da Bama.

Masu wannan sha'awa suna tara lambobi kamar yadda wasu suke tara kan sarki ko tsofaffin kuɗi, kuma da yawansu mutanen kirki ne masu son tarihi. Amma kan sarki ba a zubar da jini kafin a same shi. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tsaya mu tambaya: mene ne ainihin abin da yake canza hannu a wannan ciniki? Wanda ya sayar ya ci amana ne? Wanda ya saya me ya mallaka? Kuma idan yaƙin da aka ba da lambar dominsa ba na gaskiya ba ne, ina matsayin yabon da ke cikinta?

Mece Ce Minda?

Idan aka ɗora ta bisa ma'aunin maƙeri, minda ba ta da wata daraja ta a-zo-a-gani. Tauraruwar Bama, wadda Ingila ta bai wa waɗanda suka yi yaƙi a ƙasar Bama ta nahiyar Asiya tsakanin 1941 da 1945, 'yar tagulla ce mai tsini shida, rataye da ƙyalle mai ratsin ja da shuɗi da ruwan lemo. Lambar Biktoriya, wadda aka ƙirƙiro a 1856 kuma babu wadda ta fi ta girma a rundunar Ingila, ita ma tagulla ce. Ke nan darajar minda ba daga ƙarfenta take fitowa ba. Minda shaida ce. Hukuma ce take cewa ta ga wane a wuri kaza, ranar kaza, kuma bai juya baya ba. An zuba wannan magana cikin ƙarfe ne domin ta daɗe bayan masu faɗarta sun shuɗe.

Bahaushe ma yana da nasa hanyoyin ba da irin wannan shaida tun kafin zuwan Turawa. Sarki yakan bai wa jarumi doki ko alkyabba, ko ya naɗa shi Barde ko Jarmai ko Garkuwa. Makaɗa su yi masa take, maroƙa su yi masa kirari. Abin lura a nan shi ne kirari ba ya sayuwa, domin a bakin jama'a yake zaune, ranar da wani ya amsa kirarin da ba nasa ba kuwa, dariya za a yi masa. Doki da alkyabba suna sayuwa, amma da zarar sun bar hannun mai su sun koma doki da alkyabba kurum: ana hawan wannan, ana yafa waccan, yabon kuwa yana nan tare da jarumin.

Minda ta sha bamban da duka biyun. Tana shiga aljihu kamar kuɗi, saboda haka tana sayuwa, sa'an nan ba ta da wani amfani baya ga ma'anarta. Ba a hawanta, ba ta maganin sanyi. Wanda ya biya kuɗi ya karɓe ta, ma'anar ce ya yi wa farashi. Daga nan matsalar ta taso.

Yadda Ta Shigo Gidajenmu

Wannan magana ba ta Turawa kaɗai ba ce. Rundunar sojan Nijeriya tana ƙirga asalinta ne daga 1863, lokacin da John Glover ya tara 'yan tsirarun Hausawa a Ikko ya ba su bindiga. Daga 1897 Lugga ya shiga kafa babbar rundunar Afirka ta Yamma, kuma shekaru masu yawa Hausa ce harshen bariki a Nijeriya, har aka sami nau'in nan na Hausa da masana harshe suke kira Barikanci. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, harsashin farko da wani sojan Ingila ya harba ana danganta shi ne ga Alhaji Grunshi, na rundunar ƙasar da ake kira Gana a yau, a Togo cikin watan Agusta 1914.

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi suke kira Yaƙin Hitila, sojojin Nijeriya sun fara gwabzawa da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941. Daga 1943 aka kwashe su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82. Kimanin mutum 90,000 ne daga Afirka ta Yamma suka tafi wannan fage, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Sun yaƙi Jafanawa a kwarin kogin Kaladan da duwatsun Arakan, inda mota ba ta shiga. Abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefo su, sa'an nan dubban 'yan dako su ɗauka a ka su bi dakarun cikin ƙungurmin daji. A watan Janairu 1945 suka ƙwace garin Myohaung.

Sunayen waɗannan wurare suna nan tare da mu, sai dai ba kowa ya san asalinsu ba. Barikin Dodan da na Myohaung da na Arakan a Ikko, na Letmauk a Badun, na Kalapanzin a Kaduna, duk sunayen fagagen fama ne na Bama. Waɗanda Allah ya yi wa sauran kwana sun komo da lambobi uku ko huɗu, suka zuba su cikin adaka tare da takardar sallama, ba su fito da su sai ranar fareti.

Yadda Kasuwa Take Yanka Farashi

Kasuwar minda tana da dokokinta, kuma yana da kyau mu san su kafin mu yanke mata hukunci. Abu na farko da ake dubawa shi ne suna. Lambobin Yaƙin Duniya na Ɗaya an buga musu lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa a gefe ko a baya. Sojanmu kuwa galibi da sunan yanka da sunan gari aka rubuta shi ranar ɗaukar kurata, wane Kano, wane Bauci. A yaƙi na biyu gwamnatin Ingila ta raba taurarinta ba tare da suna ba, ko da yake ƙasashe irin su Ostireliya da Afirka ta Kudu da Indiya sun buga wa nasu. Saboda haka Tauraruwar Bama, idan ta rabu da takardun mai ita, ta zama marainiya. Ba mai iya cewa ga ƙirjin da ta taɓa hawa, kuma kuɗinta a kasuwa bai taka kara ya karya ba.

Abu na biyu shi ne cikar jeri. Lambobin mutum ɗaya idan suna haɗe, da takardunsa da hotonsa, sun fi tsada nesa ba kusa ba bisa a ce an warwatsa su. Abu na uku shi ne ƙaranci da labari. Lambar da aka bai wa kowa saboda halartar yaƙi ba ta kama ƙafar wadda aka bayar saboda bajinta ta musamman. Lord Ashcroft, attajirin Ingila, ya sayi Lambar Biktoriya ta farko a 1986, ya yi ta tarawa har ya mallaki fiye da 200. A 2009 ya biya kusan fam miliyan ɗaya da rabi a kan lambobin Noel Chavasse, likitan soja wanda ya sami wannan lamba sau biyu kuma ya rasu a fagen fama a 1917.

Akwai wata doka ta huɗu wadda ba a cika faɗarta da ƙarfi ba. Lambar sojan da aka kashe ta fi ta abokinsa da ya komo gida tsada, musamman idan a wani shahararren gumurzu ya faɗi. Ba muguntar kowa ce ta kawo haka ba, halin kasuwa ne: abin da ya fi labari ya fi mai nema. Amma sakamakon shi ne gwargwadon azabar da mutum ya sha, gwargwadon ribar da wani zai ci bayan shekaru tamanin. Hausawa sun daɗe da yi wa irin wannan rabo suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mai Sayarwa

Mutane da yawa, idan suka ji tsohon soja ko ɗansa ya sayar da minda, sukan ce ya zubar da mutuncin gida. Kafin mu bi su, ya kamata mu tambaya wane ne ya fara karya alkawari.

Takardun gwamnatin Ingila da aka fito da su fili a 2019 sun nuna cewa a Afirka ta Gabas, da aka tashi biyan kuɗin sallama bayan 1945, farabiti Bature yana samun sule 10 a kan kowane watan da ya yi yana aiki, farabiti baƙar fata kuwa sule 3 da sisi. Tauraruwar da aka rataya musu iri ɗaya ce, aljihun ne ya bambanta. A birnin Ankara na ƙasar Gana, ranar 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojoji suka ɗunguma zuwa fadar Gwamna da takardar koke a kan haƙƙoƙinsu. Aka buɗe musu wuta, aka kashe uku: Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. A ɓangaren Faransa abin ya fi muni. Ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, aka harbe sojojin Afirka da suka komo daga kurkukun Jamus saboda sun nemi albashinsu da aka riƙe. Rundunar Faransa ta ce mutum 35 ne suka mutu, masana tarihi suna ganin adadin ya zarce haka ƙwarai, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa kisan gilla ne. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mallaka, har da na Nijar, ba a daidaita shi da na Faransawa gaba ɗaya ba sai a 2011, lokacin da mafi yawan masu shi sun riga mu gidan gaskiya.

Idan muka haɗa waɗannan, za mu ga cewa a hannun hukumomi da yawa minda ta zama hanya mafi arha ta rufe bakin mai bin bashi. Buga tauraruwar tagulla bai kai biyan fansho na wata ɗaya tsada ba. Tsohon da ya rasa kuɗin magani ya miƙa wa dillali lambarsa bai sayar da jaruntarsa ba, domin abin da ya faru a Kaladan ya riga ya faru, ba mai iya cire shi daga tarihinsa. Abin da ya yi shi ne ya karɓi ɗan wani abu daga bashin da yake bi, ta hannun da ba shi ne ya ci bashin ba. Idan akwai abin kunya a cikin wannan ciniki, a ƙofar wanda ya bar shi cikin wannan hali ya kamata a ajiye shi.

Magada kuwa hukuncinsu ya ɗan bambanta. Wanda larura ta tilasta wa, uzurinsa uzurin mahaifinsa ne. Amma jikan da ya sayar domin bai san abin da yake riƙe da shi ba, ya yi asarar abin da ba zai sake samu ba, kuma asarar ba tasa ce shi kaɗai ba, ta dukkan zuriyar ce, har waɗanda ba a haifa ba.

Mai Saye

Adalci ya wajabta mu faɗi hujjar masu tarawa da ƙarfinta. Suna cewa in ba dominsu ba, da yawancin lambobin nan sun salwanta. Wannan gaskiya ne. A farkon 1980, da farashin azurfa ya yi tashin gwauron zabo a duniya, an narkar da lambobin azurfa masu ɗimbin yawa na Yaƙin Duniya na Ɗaya, kowace da sunan mutum a gefenta. Mai tarawa na ƙwarai shi ne yake ganin sunan ya fi azurfar daraja. Yakan shafe shekaru yana bin kundayen runduna domin ya gano wane ne mai wannan lamba, yana neman 'yan'uwanta da suka ɓace domin ya mayar da jerin yadda yake. Sau da yawa abin da aka sani game da wani kofur na Rundunar Nijeriya, irin wannan mutum ne ya tono shi, ba jami'a ba, ba gwamnati ba.

Amma ba duka masu saye ne haka ba. A ganinmu sun kasu kashi uku. Akwai mai ajiya, wanda muka bayyana. Akwai mai jari, wanda bai damu da wane ne sojan ba, yana kulle lambar a akwatin banki yana jiran farashi ya hau. Wannan bai yi sata ba, amma ya mayar da shaida haja, ya kuma ɓoye ta daga idon jama'a, alhali shaidar da ba a gani ba ta daina aikinta. Sa'an nan akwai mai sojan gona, wanda yake saye ya rataya a ƙirjinsa domin a sara masa. Shi wannan maƙaryaci ne, kuma ƙaryarsa tana rage wa kowace minda ta gaskiya daraja, kamar yadda jabun kuɗi yake sa a riƙa ƙwanƙwasa na kirki.

Ƙasashe sun bambanta wajen shata iyaka. Ingila ta bar cinikin a buɗe. Amurka ta haramta sayar da babbar lambarta ta girmamawa baki ɗaya. A 2006 majalisarta ta zartar da dokar hukunta duk mai da'awar lambar da bai samu ba, Kotun Ƙoli ta soke ta a 2012 bisa hujjar 'yancin magana, aka sake wata a 2013 wadda ta tsaya kan mai yin ƙaryar domin ya ci wata riba. Wannan kai-kawo ya nuna cewa doka ita kaɗai ba ta iya warware matsalar.

Namu ra'ayin shi ne minda tana da mai ita guda ɗaya tak, watau wanda aka ba. Duk wanda ta faɗa hannunsa bayan wannan, ɗa ne ko baƙo, da gado ko da kuɗi, mai riƙon amana ne. Kuɗinsa sun saya masa izinin ajiya, tare da nauyin da ke biye da shi: kada ya raba jeri domin riba, kada ya goge suna, kada ya rataya a ƙirjinsa da sunan tasa ce, kada ya hana mai bincike gani, kuma idan zuriyar mai ita suka zo nema ya saurare su kafin kowa. Wanda ya cika waɗannan ba mu ga laifinsa ba, ko a wace ƙasa yake zaune.

Jarunta a Yaƙin Wani

Saura tambaya mafi nauyi, wadda ta fi shafar mu. A 1902 Ingila ta ƙirƙiro wata lamba domin yaƙe-yaƙenta na Afirka, ana maƙala mata ɗan ƙarfe mai ɗauke da sunan kowane yaƙi. Akwai mai rubutun Nijeriya ta Arewa 1903. Wannan ita ce shekarar da aka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, aka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi ranar 27 ga Yuli. Akwai mai rubutun 1906, ta Satiru da Haɗeja. A Kwatarkwashi, inda Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a ƙarshen Fabrairu 1903, hafsan da ya jagoranci ɓangaren Turawa, Laftana Wallace Wright, Lambar Biktoriya aka ba shi. Sojojin da suka riƙe masa bindigogi a wannan rana baƙaƙen fata ne, kuma a rundunar da ta ci ƙasar Hausa masu jin Hausa ba kaɗan ba ne.

To, idan ɗalibin Hausa ya riƙi irin wannan lamba a tafin hannunsa, da sunan Bahaushe a gefenta, me zai ji? Alfahari, ko baƙin ciki? Mahayan da suka tunkari bindiga mai ruwa da takobi da mashi ba su gaza kowa ƙarfin zuciya ba, amma ba wanda ya buga musu tagulla. Wanda ya ci yaƙi shi yake da maƙera.

Tarihin Chari Maigumeri, wanda barikin soja na Lakwaja yake ɗauke da sunansa, ya ƙara fito da matsalar fili. Mutumin Barno ne. Ya fara aikin soja a ƙarƙashin Jamus a Kamaru, har Jamusawa suka ba shi lambarsu ta bajinta saboda yadda ya yaƙi Ingilishi. Aka kama shi a Garwa a 1915. Daga baya ya shiga rundunar Ingila, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, ya kai muƙamin babban samanja, Ingila ma ta ba shi lambobinta, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Abokan gaba biyu sun shaidi jaruntar mutum ɗaya. Ba zai yiwu a ce dukkansu suna kan gaskiya a rigimar da ke tsakaninsu ba, amma dukkansu sun faɗi gaskiya game da shi.

Abin da muka fahimta daga nan shi ne shaidar minda tana da iyaka. Tana iya cewa wane ya tsaya inda ake gudu. Ba ta iya cewa yaƙin na adalci ne, domin wanda ya aika shi yaƙin shi ne ya buga ta, ba a kuwa zama alƙali a shari'ar kai. Ba ta kuma iya shaidar niyya, wadda a koyarwar addini ita ce ma'aunin aiki, har aka gargaɗi wanda ya yi yaƙi domin a ce masa jarumi cewa ya riga ya karɓi ladansa a bakin mutane. Sa'an nan ba ta ganin kowa. Isaac Fadoyebo, sojan Nijeriya da aka ji wa mummunan rauni a Kaladan a 1944, ya rayu ne saboda wani manomi Musulmi na yankin ya ɓoye shi watanni da dama, alhali ya san idan Jafanawa suka gano kashe shi za su yi. Wannan manomi ba ya cikin kundin kowace runduna. A 2021 hukumar da take kula da kaburburan sojojin ƙasashe renon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, galibi 'yan Afirka da Indiya da Masar, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba.

Saboda haka ba mu goyi bayan mai cewa a zubar da lambobin mulkin mallaka domin abin kunya ne ba, ba mu kuma bi mai ɗaukarsu abin taƙama zalla ba. Lambar 1903 hujja ce a kan yadda aka ci ƙasarmu da hannun 'ya'yanta, kuma al'ummar da ta narkar da hujja ta sauƙaƙa wa mai musu aikinsa. Mazauninta shi ne gidan tarihi, kusa da sulke da kwalkwalin waɗanda aka yaƙa, domin mai kallo ya ga ɓangarorin biyu a lokaci guda ya yi nasa hukunci.

Kammalawa

Mun ga cewa jarunta ba ta shiga gwanjo, shaidarta ce take shiga. Mun ga cewa mai sayarwa bisa larura ba abin zargi ba ne, mai saye kuma halinsa ne yake wanke shi ko ya kama shi. Abin da ya rage shi ne aikin da ke gabanmu a gida.

Kurtun da ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943 ya cika shekara 100 a 2025. Ke nan bakin da zai ba da labarin Bama ya kusa rufewa gaba ɗaya. Amma 'ya'yansu suna nan, adakokin suna nan, kuma a bayansu akwai waɗanda suka je Kwango a 1960, da na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da na Laberiya da Saliyo daga 1990, da waɗanda suka yi fama a Arewa maso Gabas. Ɗalibin da ya tafi hutu yana iya tambaya a gidansu ko a unguwarsu ko akwai minda. Idan akwai, ya ɗauki hotonta gaba da baya, ya kwafe abin da ke cikin takardar sallama, ya naɗi labarin da tsofaffin gidan suka riƙe, da waƙoƙin fareti da kalmomin bariki da suka ji a bakin mai ita. Irin wannan aiki ya isa kundin digiri a adabin baka ko nazarin harshe, kuma shi ne zai hana tauraruwa marar suna zama marainiya. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da gidan tarihin yaƙi na Umuahia, wurare ne da suka cancanci a kai musu kwafi. In ba a yi haka ba, lambobinmu za su zama inuwar giginya, na nesa ka sha.

Ga hukuma kuwa magana ɗaya ce. Kowace ranar 15 ga Janairu ana fareti, ana ajiye furanni, ana sakin tantabaru domin tunawa da 'yan mazan jiya. Wannan abu ne mai kyau. Amma a fara biyan tsohon soja da matar mamaci haƙƙinsu a kan kari, sa'an nan a rataya masa tagulla. Sojan da fanshonsa yake isa hannunsa ba shi da dalilin neman dillali, jikokinsa kuma za su tarar da mindar a cikin adaka inda ya ajiye ta.